SHUGABAN CIKIN TELEBIJIN DA SHUGABAN CIKIN OFIS



Abin da za a yi magana a kansa yau shi ne yadda ake nuna shugaban ƙasa a wasannin kwaikwayo na telebijin. Wani zai ce, me ya haɗa mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta Ikko, ko mai canji a Sabon Badun, ko ɗan tireda a Fatakwal, da wasannin da Turawa suka shirya don nishaɗin kansu? Abin da ya haɗa su shi ne ƙuri'a. Galibin masu jefa ƙuri'a ba su taɓa ganin shugaban ƙasa ido da ido ba, kuma mai yiwuwa ne ba za su taɓa ganinsa ba. Abin da suka sani game da shi ta akwatin telebijin ko ta gilashin waya ya iso gare su. To, idan haka ne, ya wajaba mutum ya san yadda ake ƙera wannan siffa, ya kuma san masu ƙera ta, don kada ya riƙa yi wa rogo kallon kitse.

Har wa yau akwai dalili na biyu. Tun 1979 Nijeriya ta bar tsarin Firayim Minista irin na Ingila, ta ɗauki tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka. Saboda haka kujerar da ake kwaikwayo a wasannin Amurka, ita ce aka kwaikwayo aka kafa a ƙasar nan. Kuskuren da ɗan Amurka zai yi wajen fahimtar kujerar, ɗan Nijeriya ma yana iya yin irinsa.

MAFARIN ABIN

Ranar 26 ga Satumba, 1960, watau kwana 5 kafin Nijeriya ta sami mulkin kai, 'yan takarar shugabancin Amurka biyu, John Kennedy da Richard Nixon, suka yi muhawara a telebijin a birnin Chicago. Wannan ne karo na farko da manyan 'yan takara biyu suka yi haka, kuma mutum wajen miliyan 70 suka kalla. Nixon bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, ya rame, ga gumi yana tsattsafo masa. Kennedy kuwa ya fito fes, yana duban na'urar ɗaukar hoto kai tsaye. Kennedy ya ci zaɓen da ratar da ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Tun daga ranar 'yan siyasa suka gane cewa fuska da tsayuwa da murya sun shiga cikin kayan yaƙin neman zaɓe. Bayan shekara 20, a 1980, Amurkawa suka zaɓi Ronald Reagan, wanda kafin ya yi gwamnan jihar California sana'arsa ita ce fitowa a finafinai.

Da ɗan siyasa ya koyi dabarun ɗan wasa, sai shi ma ɗan wasa ya shiga kwaikwayon ɗan siyasa. Shugabannin da aka ƙirƙira a telebijin suna da yawa, amma biyu daga cikinsu sun ishi mai hankali misali, domin ɗaya an yi shi kamar waliyyi, ɗayan kuwa kamar shaiɗan.

SHUGABAN DA AKE MAFARKI

Na farko shi ne Josiah Bartlet na cikin wasan The West Wing. Ma'anar sunan wasan ita ce sashen yamma na fadar White House, inda ofishin shugaban Amurka yake. Gidan telebijin na NBC ya fara nuna shi a watan Satumba, 1999, ya gama a watan Mayu, 2006, bayan an nuna kashi fiye da 150. Aaron Sorkin ne ya ƙirƙiro shi, Martin Sheen kuwa shi ya fito a matsayin shugaban. Shekara 4 a jere, daga 2000 zuwa 2003, wasan yana cin kyautar Emmy ta wasan da ya fi kowane kyau.

Ya kamata a lura da lokacin da wasan ya fito. A watan Disamba, 1998, Majalisar Wakilai ta tuhumi Shugaba Bill Clinton da yin rantsuwa bisa ƙarya game da wata mu'amala tsakaninsa da wata ma'aikaciyar fadarsa. A watan Fabrairu, 1999, Majalisar Dattawa ta ƙi tsige shi. Ya tsira da kujerarsa, amma mutuncin kujerar ya zube a idon mutane da yawa. Bayan wata 7 sai ga Bartlet. Ɗan jam'iyyar Democrat ne kamar Clinton, tsohon gwamna ne kamar Clinton, amma an tsarkake shi daga abin kunyar Clinton. Masanin tattalin arziki ne har da kyautar Nobel, mai riƙo da addininsa, mai mace ɗaya da yake girmamawa, kuma duk tambayar da aka yi masa amsarta tana bakinsa. Ma'aikatansa ba sa barci, suna tafiya suna magana a barandun fada, kowannensu ba shi da buri sai amfanin ƙasa. Masu shirin sun ɗauko tsofaffin ma'aikatan fadar na gaskiya, kamar Dee Dee Myers wadda ta yi kakakin Clinton, suna ba su shawara, don haka ofisoshin da al'adun aikin suka yi kama da na gaske ƙwarai. A nan haɗarin yake. Idan ɗaki da kujera da tuta duk na gaske ne, mai kallo sai ya ɗauka mutumin da ke zaune a kujerar ma haka yake a gaske.

Ga misali wanda ya shafi Afirka. A 1994 an kashe mutum wajen 800,000 a Ruwanda cikin kwana 100, gwamnatin Clinton ba ta aika soja ko ɗaya don hana kisan ba. A watan Maris, 1998, Clinton ya sauka a Kigali ya amsa cewa duniya ba ta yi abin da ya kamace ta ba. To, marubutan wasan sun ƙirƙiro wata ƙasar Afirka, suka sa mata suna Kundu, a 2003 suka sa ana kisan ƙare dangi a cikinta. Bartlet ya yi ta juyayi, daga bisani ya aika sojoji. Abin da Amurka ta kasa yi a duniya, ta yi shi a telebijin, mai kallo ya kwanta da zuciya fari. Waɗanda aka binne a Ruwanda kuwa suna nan inda aka binne su.

Haka kuma suka ƙirƙiro wata ƙasar Larabawa mai suna Kumar, suka sa Bartlet ya ba da umurni a kashe ministan tsaronta a asirce, bisa dalilin yana ɗaure wa 'yan ta'adda gindi. Yadda aka shirya labarin, tausayin mai kallo yana komawa kan shugaban da lamirinsa yake damunsa, maimakon ya tambayi dokar da ta ba shi ikon kashe mutum ba shari'a.

Aibi ɗaya aka ba Bartlet, watau ya ɓoye wa jama'a cewa yana da wata cuta mai lalata jijiyoyi sannu a hankali. A cikin wasan ya fito ya faɗa da bakinsa, majalisa ta tsawata masa, aka sake zaɓensa da babban rinjaye. A tarihi abin bai zo da sauƙi haka ba. A watan Oktoba, 1919, Shugaba Woodrow Wilson ya sami shanyewar ɓarin jiki, matarsa da likitansa suka ɓoye tsananin ciwon, ya ci gaba da riƙe kujerar har watan Maris, 1921. Sai a 1967 Amurka ta yi wa tsarin mulkinta gyara na 25, wanda ya fayyace abin da za a yi idan shugaba ya kasa aiki. Mutanen ƙasar nan ma sun ɗanɗana irin wannan. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah ya ji ƙansa, ya tafi jinya Saudiyya a watan Nuwamba, 2009, aka yi wata biyu da rabi ana jayayya a kan wanda ke riƙe da ƙasa, sai a watan Fabrairu, 2010 Majalisar Tarayya ta ɗora mataimakinsa a matsayin muƙaddashi. Abin da ya warware rikicin a ƙasashen biyu doka ce da majalisa.

SHUGABAN DA AKE TSORO

Na biyu shi ne Frank Underwood na cikin wasan House of Cards, watau gidan da aka gina da karta, wanda iska kaɗan take rushewa. Asalin labarin daga Ingila yake. Michael Dobbs, wanda ya yi babban jami'i a jam'iyyar Conservative, ya rubuta littafin a 1989, BBC ta mai da shi wasa ta nuna a watan Nuwamba, 1990, daidai lokacin da 'yan jam'iyyar suke ƙoƙarin ture Margaret Thatcher. Kamfanin Netflix ya mai da labarin Amurka, ya sake shi a watan Fabrairu, 2013, Kevin Spacey ya fito a matsayin Underwood, aka yi ta nunawa har 2018.

Underwood bulaliyar masu rinjaye ne a Majalisar Wakilai. An yi masa alkawarin muƙamin Sakataren Harkokin Waje, aka saɓa, sai ya ƙudura ramuwa. Ya kashe wani ɗan majalisa, ya tura wata 'yar jarida gaban jirgin ƙasa, ya yi ta ƙulle-ƙulle har ya zama mataimakin shugaba, sa'an nan ya zama shugaba, ba tare da an jefa masa ƙuri'a ko ɗaya ta wannan kujera ba. Wata dabara da ake yi a wasan ita ce, can sai Underwood ya juyo ya dubi mai kallo ya gaya masa abin da ke ransa. Da haka mai kallo yake zama abokin asirinsa, har ya wayi gari yana jin daɗin wayon mugu.

Shi ma wannan wasa ɗan zamaninsa ne. Binciken cibiyar Pew ya nuna cewa a 1964 kimanin kashi 77 cikin 100 na Amurkawa sun amince gwamnatinsu tana yin daidai a galibin lokaci. A shekarun da ake nuna House of Cards, adadin ya sauko zuwa wajen kashi 20. Yaƙin Biyetnam, da abin kunyar Watergate, da yaƙin Iraƙi na 2003, da durƙushewar bankuna ta 2008, duk sun ci amanar mutane. Masu shirya wasa 'yan kasuwa ne, abin da jama'a suke ji a ransu shi suke sayar musu.

Amma shi ma Underwood ƙarya ce ta wani fanni. Gaskiya ne an taɓa samun wanda ya hau kujerar Amurka ba tare da an zaɓe shi shugaba ko mataimaki ba, watau Gerald Ford a 1974. Sai dai ba kisa ya kai shi ba. Mataimakin shugaba Spiro Agnew ya yi murabus a 1973 bisa zargin cin hanci, majalisa ta amince da Ford ya maye gurbinsa. Shugaba Nixon kuma ya yi murabus a 1974 bayan 'yan jarida da alƙalai da majalisa sun tona asirin Watergate. Ke nan abin da ya faru a gaske kishiyar wasan ne, domin hukumomin ƙasa ne suka fi ƙarfin mai wayo.

Illar Bartlet ita ce ya sa mutum ya zauna yana jiran gwarzo guda wanda zai zo ya gyara kome. Illar Underwood kuwa ita ce ya sa mutum ya ce 'yan siyasa duk kanwar ja ce, saboda haka ko ya zauna a rumfarsa ranar zaɓe, ko ya sayar da ƙuri'arsa a kan kuɗin cefanen yini guda. Hanya biyu ce, amma masauƙinsu ɗaya, watau talaka ya saki ikon da ke hannunsa.

KO WASA YANA JAWO ƘURI'A?

Amsar ita ce wani lokaci yana taimakawa, wani lokaci ba ya yi. A wasan 24, wanda gidan telebijin na Fox ya fara a 2001, an nuna baƙar fata mai suna David Palmer ya zama shugaban Amurka, mutum mai natsuwa da kwarjini. Dennis Haysbert, wanda ya fito a matsayinsa, ya taɓa bayyana ra'ayin cewa rawar da ya taka ta taimaka wajen share wa Barack Obama hanya a 2008. Amma kuma a 2005 gidan ABC ya nuna Geena Davis a matsayin mace shugabar Amurka a wasan Commander in Chief, ga shi kuwa Hillary Clinton ta sha kaye a 2016, Kamala Harris ma ta sha kaye a 2024. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Inda abin ya fito fili sosai shi ne ƙasar Yukren. A 2015 gidan telebijin na 1+1 ya fara nuna wani wasan barkwanci na siyasa mai suna Sluha Narodu, watau Hadimin Jama'a. Labarin wani malamin tarihi ne na makarantar sakandare, wanda wata rana ya fusata ya yi ta zagin masu cin hanci, wani ɗalibi ya ɗauke shi a ɓoye ya sa a intanet, kafin a ankara an zaɓe shi shugaban ƙasa. Wanda ya fito a matsayin malamin shi ne Volodymyr Zelensky. Daren 31 ga Disamba, 2018, a wannan gidan telebijin ɗin, Zelensky ya ba da sanarwar zai tsaya takarar shugaban ƙasa ta gaske, a ƙarƙashin jam'iyya mai sunan wasan. Ana cikin yaƙin neman zaɓe aka ci gaba da nuna sabon zangon wasan. A zagaye na biyu, ranar 21 ga Afrilu, 2019, ya kada shugaba mai ci, Petro Poroshenko, da kashi 73 cikin 100. A watan Yuli jam'iyyarsa ta ci kujeru 254 daga cikin 450 na majalisa.

Ba a wannan taro za a yanke wa Zelensky hukunci ba. Sa'ad da Rasha ta auka wa ƙasarsa ranar 24 ga Fabrairu, 2022, bai gudu daga babban birnin ba, kuma ko masu sukarsa sun shaida haka. Abin lura biyu ne. Na ɗaya, mutumin bai taɓa riƙe muƙamin siyasa ba kafin zaɓen, amma jama'a sun yi shekara fiye da 3 suna kallonsa yana mulki a cikin akwati. Na biyu, gidan telebijin ɗin da ya nuna wasan, wani hamshaƙin attajiri mai suna Ihor Kolomoisky yana da babban hannu a cikinsa, kuma a lokacin ba ya ga maciji da gwamnatin Poroshenko. Duk hoton da mutum ya gani, akwai wanda ya biya kuɗin ɗaukarsa.

YADDA KUJERAR TAKE A GASKE

A wasa, matsala takan taso ta kuma mutu cikin ƙasa da awa guda, kuma galibi jawabi mai ratsa zuciya ne yake kashe ta. A ofis ba haka ba ne. Shugaban Amurka ba ya iya kashe dala guda sai majalisa ta yarda. Ministocinsa da manyan alƙalai sai Majalisar Dattawa mai mutum 100 ta amince da su. Dokar da yake so sai ta ratsa Majalisar Wakilai mai mutum 435.

Obama mai fasaha ne a magana, har waɗansu suka riƙa kwatanta shi da Bartlet. A watan Janairu, 2009, kwana 2 bayan rantsar da shi, ya sa hannu a takardar umurnin rufe kurkukun Guantanamo cikin shekara guda. Majalisa ta hana kuɗi, ta kuma kafa dokoki masu hana kawo fursunonin cikin Amurka. Ya sauka a 2017 kurkukun yana buɗe da mutum 41 a ciki. Dokarsa ta kiwon lafiya kuwa sai da aka yi fiye da shekara ana ciniki da 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ta tsallake Majalisar Wakilai a watan Maris, 2010 da ƙuri'a 219 a kan 212. A The West Wing, da aka sami saɓani kan kasafin kuɗi, Bartlet ya taka da ƙafa zuwa majalisa a gaban 'yan jarida, nan da nan ra'ayin jama'a ya juyo gare shi. A gaske, saɓanin da aka yi tsakanin Shugaba Donald Trump da majalisa ya rufe ma'aikatu na kwana 35, daga Disamba, 2018 zuwa Janairu, 2019, ma'aikata wajen 800,000 ba su karɓi albashi a kan kari ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ABIN DA YA RAGE GA MAI ƘURI'A

Tsarin ƙasar nan ma haka yake. Akwai sanatoci 109, da 'yan Majalisar Wakilai 360, da gwamnoni 36, da ƙananan hukumomi 774. Galibin abubuwan da ke damun ɗan Arewa mazaunin Kudu, kamar rabon rumfunan kasuwa, da kuɗin tasha, da takardar fili, da makarantar firamare ta 'ya'yansa, suna hannun gwamnatin jiha da ƙaramar hukumar da yake zaune a ciki. Sa'ad da rikici ya tashi a kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu, 2021, gwamnan jihar da waɗansu gwamnonin Arewa da shugabannin al'ummomin biyu ne suka zauna don kashe wutar. Wanda ya zuba wa kujerar Abuja ido kaɗai, ya manta da kansila da ɗan majalisar jiha, ya bar jaki yana dukan taiki.

Idan lokacin zaɓe ya ƙarato, kowa ya san abin da ake gani. Ɗan takara ya tsaya bakin titi yana cin gasasshiyar masara, ya sa babbar riga da hula ya shigo Sabo, ya yi gaisuwa da Hausar da aka koya masa a mota. Wannan ma wasan kwaikwayo ne, da marubucinsa da mai ɗaukar hotonsa. Ba laifi ba ne a karɓe shi da mutunci, baƙo ne. Amma kafin ya tashi a tambaye shi abin da ya aikata a muƙamin da ya riƙe a baya, da abin da jam'iyyarsa ta rubuta a takardar manufofinta, da inda kuɗin aikin zai fito, da mutanen da zai yi aiki da su a majalisa. Jam'iyya mai manufa a rubuce ana iya kama ta da alkawarinta bayan shekara 4. Murmushin da aka gani a akwati kuwa ba a iya kai shi ƙara.

Sa'an nan duk wanda ya yi rajista a gida alhali a Kudu yake kwana yake tashi, ya sani hukumar zaɓe tana ba da damar a mai da rajista inda mutum yake zaune, muddin ya nema a kan lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Al'ummar da ke da ƙuri'a a unguwar da take zaune, ita ce shugaban ƙaramar hukuma yake tashi tsaye idan ta shigo ofishinsa.

Wasan kwaikwayo abin nishaɗi ne, kuma mai hankali yana ƙaruwa da shi. A kalla, a yi dariya, a yi muhawara a majalisar dare. Amma ranar zaɓe a auna mutum da aikinsa da jam'iyyarsa da abokan tafiyarsa.

Allah ya ba ƙasar nan shugabanni masu adalci, ya zaunar da baƙo da ɗan gari lafiya, ya sa albarka a nema, ya mai da kowa gida cikin rufin asiri.